Kafin a Kafa Rumfa: Tsaron Taro a Wurno, Rabah da Goronyo

Taron jama'a a gabashin Sakkwato iri-iri ne. Akwai sallar idi da maulidi, akwai wa'azi da saukar karatu, akwai gangamin siyasa da rabon taki ko kayan azumi, ga kuma ziyarar hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Wurno, wanda ya rasu a 1837. Kasuwar mako ita ma taro ce, ko da ba a raba mata goron gayyata. Ko wane iri ne, shawarar farko da ƙaramar hukuma da jami'an agaji ke ba mai taro ita ce ya sanar tun da sauran makonni.

Sanarwar takan bi ta wajen uban ƙasa, ta je sakatariyar ƙaramar hukuma da ofishin DPO. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta ɗora wa rundunar nauyin ba da tsaro ga gangami ko jerin gwanon da aka sanar da ita, don haka amfanin takardar sanarwar na mai taro ne. Daga nan ake sako Sibil Difens, da jami'an kiyaye haɗurra, da dakarun tsaron al'umma da jihar ta ƙaddamar a 2024, da hukumar agaji ta jiha, SEMA, idan taron babba ne. Tambayoyin da ake yi ba su da wuya: mutum nawa ake tsammani, daga waɗanne ƙauyuka, a kan me za su zo, yaushe za a tashi, kuma shin za a raba wani abu. Wasu kan rage adadin don gudun ɗawainiyar jami'ai. Wannan tsimi ne mai tsada, domin a kan wannan adadi ake auna ƙofa da ruwan sha da yawan 'yan agaji.

Tambayar rabo ta fi sauran nauyi. A Disamban 2024 turmutsutsu ya ci rayuka fiye da 60 cikin kwana uku zuwa huɗu a Ibadan da Okija da Abuja, duk a wuraren rabon kyauta, har Sufeto Janar na 'yan sanda ya gargaɗi masu rabo da su daina yi ba tare da jami'an tsaro ba. Kafin haka an yi irinsa a Difa ta Nijar a Fabrairun 2020, inda mutum 20 suka rasu, galibi mata da yara, an kuma yi a birnin Sakkwato a Afrilun 2024 wajen rabon kyautar sallah. Tafiyar abin kusan ɗaya ce. Labari ya bazu, jama'a su taru tun asuba a bakin ƙofa guda, kayan kuma kowa ya san ba za su isa ba. Da an buɗe, na baya su turo, na gaba ba su da wurin zuwa.

Yawancin masu mutuwa a irin wannan wuri numfashi ne ke gagararsu, ba tattakewa ba. Idan mutum shida ko bakwai suka matsu a murabba'in mita ɗaya, ƙirji ba ya samun sararin buɗewa, mutum yana iya suma a tsaye. Shi ya sa ake so a karkasa rabo mazaɓa-mazaɓa, a ba da kati tun kafin ranar ta hannun masu unguwanni, a yi rabon a fili kamar na makaranta maimakon cikin gida mai katanga. Ƙofar shiga daban, ta fita daban. Mata da tsofaffi da masu lalura su sami layinsu, a kuma fara da su. Watsa kuɗi daga kan mota da ɗaga bulala a kan mutanen da suka riga suka matsu duk suna ƙara wa wuta fetur.

A wannan yanki haɗarin taro yakan fara tun daga hanya. Gulbin Rima ya ratsa ƙasar Goronyo da Wurno, kuma da damina ƙauyuka da dama sai ta jirgin ruwa. A watan Agustan 2025 wani kwale-kwale ɗauke da fiye da mutum 50 ya kife a hanyar zuwa kasuwar Goronyo, hukumar agaji ta ƙasa, NEMA, da masunta suka shiga neman waɗanda suka ɓace. Mai taron da ke tsammanin baƙi daga ƙetaren gulbi ana so ya zauna da sarkin ruwa da masu jirage: kada a haɗa mutane da babura da buhuna a lodi ɗaya, a nemi rigar ruwa, kada a tsallaka bayan magariba. A kan titi kuwa, matsalar ita ce motoci cike da matasa da gudun burga a kan babur.

Sai batun 'yan bindiga. Harin da aka kai kasuwar Goronyo a Oktoban 2021, wanda ya halaka fiye da mutum 40, da yamma aka kai shi. Jami'an tsaro kan ba da shawarar a tashi taro da sauran rana, yadda na nesa zai isa gida kafin duhu, kuma kada a baza lokacin isowar manyan baƙi da hanyarsu a Facebook. Inda zukata suke a tsorace, jita-jita kaɗai tana iya kashewa. Ƙarar tartsatsin salansa ko bindigar wasa ta isa ta sa dubban mutane su ruga ƙofa ɗaya. Don haka ake hana harbin murna, ake kuma ware mutum ɗaya da jama'a suka san muryarsa ya riƙe lasifika idan abu ya taso.

Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, lokacin kuma shi ne na sanƙarau, saboda haka rumfa mai iska da ruwan sha a wurare da yawa wajibi ne. Janareto da jarkar mai a nisanta su da rumfa da wurin girki. A sanar da babban asibitin garin tun kafin ranar, a ajiye mota a bakin hanyar da ba a toshe ba, da direba a kusa da mai a tanki, domin mai rauni sosai sai an kai shi Sakkwato. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, amma sabis ba ya da tabbas a ƙauyuka, sai a karɓi lambar DPO da ta jami'in asibiti kai tsaye, a rubuta a takarda.

Lokacin tashi shi ne wanda aka fi sakaci da shi, domin jami'ai kan bi ayarin manyan baƙi su bar fili. Ana so a buɗe dukkan ƙofofi kafin addu'ar rufewa, a sallami mata da yara da farko, 'yan agaji kuma su tsaya a tasha da mashigar jirgi har sai motar ƙarshe da jirgin ƙarshe sun tashi.