Darasi Domin Iyali: Jaririn da Bai Yi Kuka Ba, Shi Ma Abin Ƙidaya Ne

Karatu: Farawa 35:16-20; Fitowa 1:15-21

Gabatarwa

Akwai wata irin rasuwa da ba a cika yin shelarta a majami'a ba. Mace ta ɗauki ciki wata tara, ta tafi asibiti, ta komo gida hannu wofi. A binne jaririn da gaggawa, a ce mata ta yi haƙuri, Allah zai ba da wani. Gaskiya ne rai na hannun Allah. Amma miƙa wuya ga nufinsa bai hana mu tambayar abin da ya faru ba.

Abin da Littafi Mai Tsarki ya nuna

Littafin Farawa bai ɓoye mutuwar Rahila ba. Ya faɗi cewa naƙuda ce ta yi mata tsanani, ya ambaci ungozomar da ke wurin, ya nuna inda abin ya faru, wato a hanyar Efrata, ya kuma ce Yakubu ya kafa al'amudi a kabarinta. A Fitowa kuwa an rubuta sunayen ungozomai biyu, Shifra da Fu'a, domin sun ji tsoron Allah sun ceci jarirai. Ashe ɗakin haihuwa wuri ne da Allah ke duba aikin hannun mutane.

Mene ne bitar mutuwar jarirai?

A Nijeriya, ana nufin jaririn da ya mutu a ciki daga mako 28, da wanda ya mutu cikin kwana 7 na farko bayan haihuwa. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna kusan jarirai miliyan 2 ake haifa babu rai kowace shekara, fiye da kashi 40 cikin ɗari kuma a lokacin naƙuda suke mutuwa. A 2015 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fitar da ƙa'idojin sa ido da bita a kan mutuwar iyaye mata da jarirai, a 2016 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da nata jagoran.

Ga yadda aikin yake. Ana rubuta kowace mutuwa. Sai likitoci da ungozomai da shugabannin asibiti su zauna su bi labarin daki-daki, ba tare da ambaton suna ko ɗora wa wani laifi ba, domin kowa ya iya faɗin gaskiya. Da ƙarfe nawa matar ta iso? Zuciyar jaririn tana bugawa a lokacin? An auna hawan jininta? Akwai jini a ajiye, da wuta a ɗakin tiyata? Ko fatar jaririn ma tana ba da shaida: in ta saɓule, ya daɗe da mutuwa a ciki, in kuwa lafiyayya ce, galibi a lokacin naƙuda ya mutu. Daga nan sai a tsai da abin da za a gyara, da wanda zai gyara, da ranar da za a duba ko an yi. Bitar da ba gyara a bayanta, ɓata lokaci ne kawai.

Jinkiri uku

Tun 1994 masana suka bayyana jinkiri uku da ke jawo hasarar rai: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, jinkiri a hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Mu ɗauki Jikwoyi misali. Tana kan hanyar Nyanya zuwa Karshi, akwai babban asibitin gwamnati a Nyanya, akwai kuma a Karshi. Amma duk mazaunin yankin ya san cunkoson motoci na safe da yamma. Iyalin da suka jira maigida ya taso daga aiki kafin su nemi mota, sun haɗa jinkiri biyu ke nan. Na uku yana wuyan asibiti, amma na farko a cikin gidajenmu yake.

Hakkin iyali da ikilisiya

1. Ku adana katin awon ciki, ku tafi da shi duk inda za a haihu.
2. Ku shirya mota da kuɗi da mai ba da jini tun kafin watan haihuwa.
3. Zubar jini, kumburin fuska, ciwon kai mai tsanani, ko jariri ya daina motsi: a tafi asibiti nan take, a yi addu'a a hanya.
4. In hasara ta auku, ku nemi bayani cikin ladabi, ku kuma faɗi gaskiya in an tambaye ku, har da maganin da aka sha a gida.
5. Zumuntar Mata da dattawa su ziyarci uwar, kada a zarge ta, kada kuma a zargi maƙwabta da maita.

Tambayoyin tattaunawa

Me ya sa muke jin nauyin yin magana a kan jaririn da ya mutu? Wane jinkiri ne ikilisiyarmu za ta iya ragewa a bana?

Addu'a

Ya Ubangiji, ka ta'azantar da iyayen da suka yi hasara, ka ba ma'aikatan lafiya zuciyar gaskiya, ka koya mana kula da kowane rai da ka ba mu amana. Cikin sunan Yesu, Amin.