Tsohon fim ɗin baƙi da fari haske yake so

Kafin ka duba kwanan watan da ke jikin kwali, tambayi inda fim ɗin ya kwana. Naɗin Tri-X da ya shekara 20 a firji yana iya fin wanda ya shekara 5 a durowar shago a Kano, inda zafin Afrilu kan haura digiri 40. Idan tsohon mai situdiyo ya ba ka ragowar kayansa, wannan ce tambayar farko.

Tsufa yana yi wa fim illa biyu. Ƙarfinsa na kama haske yana raguwa, sannan wani hazo ya lulluɓe negatif ɗin, har gefen da haske bai taɓa ba ya yi toka-toka. Baƙi da fari ya fi mai kala juriya, amma a cikinsa ma mai babbar lambar ISO ya fi saurin gajiya. FP4 Plus mai ISO 125 yakan daɗe da ƙarfinsa, shi kuwa mai 3200 ba na ba da shawarar a kashe masa kuɗi idan ya tsufa.

Maganin shi ne a ƙara haske. Masu fim mai kala sukan raba lambar ISO biyu a kan kowace shekara 10, amma baƙi da fari bai buƙaci haka duka ba. Mai 400 da ya shekara 20, saita kyamararka a 200. Idan ka san ya sha zafi, sauka zuwa 100. Negatif yana jure yawan haske, ƙarancinsa ne ba ya yafewa, domin inuwar da ba ta kamu ba babu na'urar da za ta dawo da ita. Idan naɗin da yawa ne daga wuri ɗaya, sadaukar da guda: ɗauki abu ɗaya sau uku, a 400 da 200 da 100, ka rubuta a takarda. Wanda ya fito daga firji kuma a bar shi ya huce na wasu awanni kafin a buɗe, saboda raɓa.

Wajen wanki kada ka tsawaita lokaci da nufin ƙara masa ƙarfi, hazon za ka ƙara. Sinadarin HC-110, kashi 1 cikin ruwa kashi 31, an san shi da rage hazo. Riƙe ruwan a digiri 20. A bazara ruwan famfo ya wuce haka nesa, sai ka nemi ƙanƙara.

A sikana ne mutane suka fi ɓata aikinsu. Kashe Digital ICE, wato abin da ke share ƙura da kansa. Da hasken infrared yake aiki, azurfar da ke jikin fim kuwa tare wannan hasken take yi, sai na'urar ta ɗauki hoton kansa a matsayin datti, ta dagula fuskokin mutane. Irin su Ilford XP2 ne kaɗai suka tsira, tunda wankin fim mai kala ake yi musu. Kashe gyaran atomatik ma, ka ɗauka a bit 16, dpi 2400, ka ajiye a TIFF. Hoton zai fito a dushe, kada hankalinka ya tashi, haka ake so. A kwamfuta sai ka nuna wa manhaja gefen negatif ɗin da babu hoto, ka ce nan ne baƙi, sannan ka jawo fari a hankali har farar riga ta haska amma zaren ɗinkinta bai ɓace ba. Tsakin da za ka gani a sararin sama bar shi, yawan goge shi ne ke mayar da fata kamar roba.

Tsohon fim yakan nannaɗe bayan ya bushe. Sa shi a rigarsa, ka danne da manyan littattafai kwana biyu. Lokacin hunturu kuma rufe taga saboda ƙura, ka hura negatif ɗin da robar hura iska kafin kowane sikan, ba da baki ba.