YADDA ZA MU NEMO TSOFAFFIN TAKARDUN ƘIRƘIRA KYAUTA

Darasin allonmu na wannan mako ya shafi duk mai son haɗa na'ura, musamman 'yan ƙungiyar JETS da ke rasa abin da za su kai gasar kimiyya.

Idan mutum ya ƙirƙiro sabon abu, yakan je hukuma ta ba shi takardar haƙƙin ƙirƙira, wadda Turawa ke kira patent. Takardar tana hana kowa ƙera abin ya sayar ba da izininsa ba. Shi kuma dole ne ya bayyana yadda abin yake aiki, galibi har da zane. A Najeriya, dokar 1970 ta ba shi shekara 20. Bayan haka fasahar ta zama ta kowa. Ke nan tsofaffin takardun nan makaranta ce da ba a biyan kuɗinta.

INA SUKE?

Lauyoyi da kamfanoni na karɓar kuɗi su yi wa mutum bincike, amma ɗalibi mai neman ilimi ba ya buƙatar wannan. Akwai rumbuna uku a intanet da ake shiga kyauta: Google Patents, da Espacenet na ofishin Turai, da Patentscope na hukumar WIPO da ke Geneva. Data kawai za mu saya.

YADDA AKE NEMA

1. Da lamba. Wannan ce hanya mafi sauri. Mu buɗe Google Patents mu rubuta US8294. Keken ɗinkin Isaac Singer zai fito, na shekarar 1851, kakan kekunan da telolinmu ke takawa a Dagumawa da kasuwar Wudil. US223898 kuwa ƙwan lantarki ne na Thomas Edison, na 1880. US174465 wayar tarho ce ta Alexander Graham Bell, ta 1876.

2. Da sunan abu. A nan sai da Turanci, kuma akwai tarko. Gyaɗar da muke kira groundnut a aji, Amurkawa peanut suke ce mata. Idan kalma ɗaya ba ta kawo komai ba, mu gwada 'yar uwarta, ko mu tambayi malamin Turanci.

3. Da rukuni. An kasa ƙirƙire-ƙirƙire rukuni-rukuni, kamar yadda kasuwa take da layin hatsi da layin tukwane. D05B na kekunan ɗinki ne, F04B na famfuna, A23N 5/00 na injinan ɓare gyaɗa da danginta. Wannan hanya ta fi dacewa da takardun da suka tsufa sosai, domin hotonsu aka ɗauka, kuma kwamfuta kan yi kuskuren karanta dusasshen rubutu.

4. Mu taƙaita shekaru, mu zaɓi waɗanda suka haura shekara 20. Sannan mu sauke takardar a waya don kada mu sake ƙona data.

IDAN TURANCIN YA YI TSAURI

Mu fara da zane. Kowane ƙarfe da kowace ƙusa akwai lambarsu, kuma rubutun yana faɗin aikin kowace lamba. Mu kwafi zanen a littafi, mu kai wa mai walda ko maƙeri. Sau da yawa zai gane abin da Turancin ya ɓoye mana.

GARGAƊI BIYU

Na farko, sabuwar takardar da wa'adinta bai cika ba ana iya karanta ta, amma ba a ƙera abin a sayar. Na biyu, ko da takarda ta tsufa, kada mu je gasa mu ce mu muka ƙirƙiro. Mu rubuta sunan mai ita da lambarta, sannan mu nuna abin da muka ƙara da kayan gida.

AIKIN MAKO

Kowane aji ya nemo takarda ɗaya a kan famfon ban ruwa ko injin ɓare gyaɗa, ya zana ta, ya kawo mana kafin Juma'a. Zanen da ya fi fita za mu liƙa shi a nan.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta