Fumfuna a bangon shagon kwantena

Tambaya: Ina da shagon kwantena a Argungu, kusa da fadama. Tun ruwan watan Agusta katakon da aka lulluɓe cikinsa da shi ya kumbura, ya yi baƙi-baƙi, ga warin ruma. In shafe shi da fenti?

Amsa: Malam, ajiye gwangwanin fentin tukuna. Fenti ɓoye fumfuna kawai yake yi, ita kuwa ta ci gaba da cin katakon ta ciki. Fara nemo inda ruwan ke shiga. Da rana tsaka ka rufe ƙofa ka tsaya ciki, duk hudar da tsatsa ta yi a rufi za ka ga haske ta nan. Mai walda ya toshe manyan, ƙananan kuma a liƙe da kwalta.

Sai katakon. Danna shi da sukudireba; inda ya lotsa, ɓalle shi har ka kai ga mai ƙwari, domin ruɓaɓɓen katako ba ya warkewa. Kankare tsatsar da ke baya, ka wanke ƙarfen da Hypo da aka sirka da ruwa, ƙofa a buɗe, hanci a ɗaure. Kada ka haɗa shi da wani sinadari.

Gaggawa ce ke ɓata aikin nan. A bakin kogi raɓa ba ta barin abu ya bushe da wuri, saboda haka ka jira iskar hunturu a Nuwamba kafin ka shafa fenti mai hana tsatsa ka buga sabon katako. In babu mai kyau a nan, leƙa Birnin Kebbi. Ka kuma ɗora kwantenar bisa bulo, ka yanka ƙaramar taga.