Aikin Sa Kai a Wuraren Taron Jama'a: Darasi Daga Bakin Matan Fada

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi abin da malaman fiƙihu suke kira taɗawwu'i, watau mutum ya ɗauki wani aikin alheri bisa raɗin kansa, ba an wajabta masa ba, ba kuma don a biya shi ba. Yawanci idan an ambaci wannan kalma sai hankali ya tafi ga nafilfilin salla da azumi, alhali kuwa ta haɗa har da hidimar jama'a. A aya ta 2 ta Suratul Ma'ida Allah ya umurci muminai da taimakon juna a kan alheri da taƙawa, ya kuma hana su taimakon juna a kan saɓo da ƙetare haddi. Hadisai ingantattu sun lissafa kau da abin cutarwa daga hanya, da nuna wa baƙo hanya, cikin ayyukan sadaka.

Magabata sun nuna haka a aikace. Manzon Allah (SAW) ya ɗauki tubali tare da sahabbansa yayin ginin masallacin Madina, ya kuma yi haƙa tare da su a yaƙin Handaƙ, shekara ta 5 bayan Hijira. Rufaida Al-Aslamiyya ta kafa hema tana jinyar masu rauni don Allah. Shayar da alhazai a Makka, wanda yake hannun Abbas ɗan Abdulmuɗɗalibi, matsayi ne da ake alfahari da shi. Hausawa ma sun san wannan ɗabi'a da sunan gayya, inda samari kan taru su nome gonar tsoho ko su gyara masallaci.

To, amma wani zai ce: waɗannan duk wuraren ibada ne da jihadi, ina haɗinsu da filin kokawa ko bakin gulbi ranar biki? Amsa ita ce, Musulunci bai haramta wasa mai tsabta ba. Ya tabbata Annabi (SAW) ya shirya tseren dawaki a Madina, ya kuma bar Habashawa suna wasa da masu a cikin masallaci ranar idi, Nana A'isha tana kallo. Kana duk inda dubban mutane suka taru, akwai rayuka da dukiya da mutunci waɗanda Shari'a ta wajabta a tsare. Ceton wanda ruwa zai ci farilla ce ta kifaya: idan wasu suka yi, ta faɗi a kan saura, idan kowa ya naɗe hannu, duk wanda yake da iko ya yi laifi.

Babban misali shi ne Bikin Kamun Kifi na Argungu. Tarihi ya nuna an daɗe ana gaba tsakanin Kabawa da Daular Sakkwato. A 1805 rundunar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kabi, daga baya Kabawa suka mai da Argungu cibiyarsu, aka yi ta gwabzawa shekara da shekaru. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya shirya masa babban su don girmama baƙo. Daga nan bikin ya samo siffarsa ta yau. Ashe ke nan tushensa sulhu ne tsakanin Musulmi da girmama baƙo, abubuwa biyu da addini ya kwaɗaitar a kansu. A 2016 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun duniya da ake tattali.

Ranar su, dubban masunta sukan yi sahu a bakin Matan Fada, kowa da homarsa da goransa. Da an ba da alama sai su auka ruwa gaba ɗaya, kowa na neman giwan ruwa mafi girma. A 2020 kifin da ya zo na ɗaya ya kai kilo 78. Ban da wannan akwai kabanci, watau tseren kwalekwale da iyo da nutso da kamun agwagwar ruwa, ga kokawa da dambe da nunin amfanin gona. Sarkin Ruwa da Homa da mutanensu su ne masu tsaron gulbin, kuma akan hana su a wurin har sai lokacin biki, abin da yake ba kifi damar hayayyafa.

Lalle ne taro irin wannan ya fi ƙarfin ma'aikatan hukuma kaɗai. Ana bukatar gwanayen iyo a cikin kwalekwale su zuba ido ga wanda ya gaji, da masu tsara shiga da fita don kada a tattake raunana, da masu raba ruwan sha, da masu haɗa yaron da ya ɓata da iyayensa, da masu share fili bayan an watse. Haka bukatar take a Birnin Kabi ranar hawan salla na Sarkin Gwandu, ko ranar wasan ƙwallo a filin Haliru Abdu, ko wurin musabaƙar karatun Alƙur'ani, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta fara ta ƙasa baki ɗaya a 1986. 'Yan agajin ƙungiyoyin addini, irin na Jama'atu Nasril Islam da Fityanul Islam da Izala, sun daɗe da nuna yadda ake wannan hidima.

Amfaninta ga gari kuwa ya zarce ranar biki. Na farko, tana haɗa waɗanda ba su saba haɗuwa ba. Bakabe da Bafillatani da Bazabarme da Badakkare, idan suka riƙe igiya ɗaya suna tare cunkoso tun hantsi har la'asar, da wuya gobe ɗan tsegumi ya shiga tsakaninsu. Na biyu, tana mai da ƙarfin samartaka inda zai yi amfani. Saurayin da aka damƙa wa ƙofa guda ya tsare, ya fara koyon amana da haƙuri da bin na gaba. Na uku, tana tanadin mutanen da za a nema ranar tsanani. A 2020 ambaliya ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a Jihar Kabi, a watan Mayu na 2021 kuma jirgin ruwa ya kife a Kwara kusa da Wara da mutane fiye da ɗari. A irin wannan rana, kafin taimako ya iso daga nesa, mutanen wurin ne kan fara faɗawa ruwa. Garin da ya san gwanayen iyonsa da sunayensu, ya kuma saba tara su, ya fi saurin ceto.

Akwai kuma abin lura: bayan 2009 bikin Argungu ya tsaya har sai 2020. Sanin ruwa ba a littafi yake ba, daga hannu zuwa hannu yake bi. Shekara goma ta isa yaro ya girma bai ga yadda manya suke aikin ba. Saboda haka wajibi ne dattawa su jawo yara a jiki, ko ana biki ko ba a yi.

Sai dai aikin yana da sharuɗɗa. Niyya ta zama don Allah, domin wanda ya fito don riga da hula ko don a gan shi kusa da manya, ladansa ke nan ya karɓa. Kada hidima ta sa a tozarta salla. A yi karɓa-karɓa, a kuma tanadi ruwan alwala da wurin salla ga baƙi. Tsintuwa amana ce, a cigita ta, a mai da ita ga mai ita. A tausasa harshe, sanda ba ta cikin aikin agaji. Kada a sa hannu a caca ko maye, ko wani abu da ya taɓa tauhidi kamar neman tsari daga wanin Allah. Mata su tsaya ga hidimar 'yan'uwansu mata cikin sutura da mutunci. Wanda bai iya ruwa ba kada ya shiga da sunan ceto, ya bi umurnin masana, domin kyakkyawar niyya ba ta maye gurbin sani.

Ya kamata limamai da masu unguwanni da malaman makarantun Islamiyya su rubuta sunayen samarin da suka amince da su tun kafin lokacin taro, a nemi ma'aikatan lafiya da masunta su horar da su, a kuma riƙa yi musu godiya a bainar jama'a.

Allah ya sa ayyuka su zama dominsa, ya tsare masu shiga ruwa da masu tsaye a tudu, ya zaunar da ƙasa lafiya. Amin.