Rage kaftu a gonar shinkafa: a lissafa man tarakta tare da na injin ban ruwa

Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, kukan da na fi ji a aikina na malamin gona shi ne na kuɗin mai. Manomanmu na Tukur-Tukur masu shinkafa a fadamun Kubanni da Galma, ga shawara kafin ku biya mai tarakta.

Mun saba tarakta ta kafta gona, ta dawo ta yi haro, wani ma sai an maimaita masa. Kaftun farko ya fi shan man gas, domin shi ke juya ƙasa mai nauyi. Fadamar da aka nome bara, ta kuma yi laushi, ba kullum take buƙatarsa ba. Ana iya barin ciyawa ta tsiro bayan ruwan fari, a yi mata feshi, a jira ta mutu, sannan a yi haro sau ɗaya ko a shuka a layi kai tsaye. Bambaron bara kuwa a bar shi a kwance, kada a cinna masa wuta, yana riƙe laima. Manoman Punjab da Haryana a Indiya sun daɗe suna shuka alkama haka a bayan shinkafa.

Sai dai akwai inda lissafin ke juyewa, kuma nan ne masu tallar dabarar ke yin shiru. Cuɗa ƙasa da ruwa kafin dashe shi ke toshe ƙofofinta, ruwa ya tsaya a fangali. Idan gonarka jigawa ce mai rairayi kuma noman rani kake yi, ka daina cuɗawa, ruwa zai riƙa zurarewa, abin da ka rage a man tarakta ya tafi a fetur ɗin injin ban ruwa, har da ƙari. Haka gonar da tofa ko ƙiri-ƙiri suka kama: saiwarsu na ƙarƙashi, feshi ɗaya ba ya gamawa da su. Gona mai tudu da kwari kuma sai an daidaita ta tukuna.

Don haka kada ka sauya wa gonarka duka tsari a shekara guda. Ware ɓangare ɗaya ka gwada rage kaftu, ka rubuta litar mai, kuɗin feshi, kuɗin 'yan ƙwadago da buhunan da kowane ɓangare ya bayar. Mai neman ƙarin bayani ya leƙa cibiyoyin aikin gona na NAERLS ko IAR a Samaru, ba su da nisa da mu.