Darasi: kuɗin lambar mai saye a kasuwar intanet

Ɗan uwa manomi, ka san dillali. Ka kai mashi buhun albasa ko na wake, ya nemo mai saye, in ciniki ya faɗa ya cire la'adarsa. In kaya suka kwantai, ko dala ba ya samu.

To, akwai wani dillali cikin wayar salula, shi tsarinsa daban ne. Kasuwa ce ta intanet: mai neman kaya ya rubuta abin da yake so, masu kasuwar su saida maka sunansa da lambar wayarsa. Lambar kake biya, ko ya saya ko bai saya ba. A Indiya, kamfanin IndiaMART da aka kafa a 1996 yana saida ma ƴan kasuwa irin waɗannan lambobi. A Amurka kuma Thumbtack yana yin haka da magina da masu gyaran gida. In an zo maka da irin wannan tayi, ɗauko alƙalami tukuna.

A ce kowace lamba dala 100 ce. Ka sayi 10, jika 5 sun fita ke nan. Ka kira su duka. Wasu ba su ɗauka ba, wasu farashi kawai suke tambaya, wani yana nesa, kuɗin mota sun fi ƙarfin cinikin. Mutum ɗaya ya saya. Ashe wannan mutum jika 5 ka saye shi, ba dala 100 ba! In buhu 2 ya ɗauka, ribar kowane buhu jika guda, ka faɗi da jika 3, ban da kuɗin kira. In buhu 50 ne, kuɗin lamba ba su taɓa ka ba. Shi ya sa muke ganin abin ya fi dacewa da ƙungiyar manoma mai tara kaya wuri guda, kamar masu albasar Galmi, bisa ga mutum ɗaya mai ɗan abin da ya rage a rumbu.

Kafin ka biya, tambayi mutum nawa ake saida ma lambar nan guda. Sau da yawa ba kai kaɗai ba ne, wanda ya riga kira shi ke kama ciniki, sauran kuwa su yi ta karya ma juna farashi. Tambayi kuma ko ana maido kuɗi in lambar ba ta shiga.

Fara da lamba kaɗan. Rubuta kowace cikin littafi: ranar da ka kira, abin da aka ce maka, buhu nawa suka fita. Ƙarshen wata ka kai littafin taron ƙungiya, ku gwada shi da la'adar dillalinku na kasuwa.